Ƙasar da Ake Barin Salla

Duk ranar kasuwar Korgom, Na Allah yakan zauna a teburin mai shayi, inda samarin da suka dawo daga ci-rani ke gardamar ƙasar da ta fi mugunta. Labarin ɗansa Misbahu yake nema, wanda ya tafi Libiya, wayarsa ta daina shiga.

Muniru, ɗan maƙwabcinsa, ya ɗaga riga ya nuna tabon kulki. "Ga tsarabar Aljeriya. Ko alwala ba a bar mu mun yi ba."

Wani baƙon saurayi daga Mayahi ya tuntsire da dariya. "Kai ɗan gata ne! A kason Libiya duka safe da yamma, amma salla ba mai hana ka."

"Ashe suna barin salla," in ji Na Allah, ransa ya ɗan yi sanyi.

"Har ta gawa, Baba. Wani ɗan garin nan, Misbahu mai wushirya, da duka ya kashe shi, ni na ja sallarsa." Ya juya ga Muniru. "To, wa ya ci gardama?"

Na Allah ya dafe tebur.

"Ina kuka binne shi, yaro?"

"Oho, Baba. Masu gadin kason suka tafi da shi. Salla kawai suka bari."