Haƙorin Dawuda da Lissafin Haggai

Shekara goma sha ɗaya Dakta Haggai ya yi yana auna ruwan sama a bayan gidan marigayi mahaifinsa a unguwar Rikoto da ke Zuru, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa tambayarsa nawa aka samu. Da an ɗauke ruwa sai ya fita da kwalbar awo, ya juye abin da gwangwanin da ya kafa a fili ya tara, ya rubuta. Bincikensa a kan sauyin damina ne, da abin da ya kamata hukuma ta yi a kai, da yadda ake tafiyar da wasanni a karkara. Ka ji haɗi! Maƙwabta dai tuni suka yanke hukunci cewa boko ya yi masa yawa. Matarsa Alice tana aikin asibiti a Jos tare da yaran, sai Kirsimeti suke zuwa. Rahotannin da yake aikawa Birnin Kebbi kuwa, ko "mun gani" ba a taɓa ce masa ba.

Mutum ɗaya gare shi a duk faɗin Zuru, shi ne Baba Dawuda, tsohon ɗan kokawa, aminin mahaifinsa. Kullum da la'asar tsohon zai zo ya zauna a benci, su ɓare gyaɗa, ya yi ta yi wa gwangwanin dariya. Ba ya gane komai a takardun, amma yana saurare har ƙarshe. In ba don wannan zama ba, Haggai kan wuni bai buɗe baki ba, shi ma ya san da haka.

To, a unguwarsu ba a kokawa sai an yanke dawa, tunda 'yan kokawar su ne manoman. Dawuda ke sa rana, shekara talatin ke nan. Zai zagaya gonaki, ya ciri ƙwaya a zangarniya, ya ciza. In ta yi ƙas a haƙori, sai ya ƙiyasta kwanakin yanka da na kwasowa gida, ya ce rana kaza. Ba shi da sarauta, ba shi da boko, wannan ne kaɗai abin da ake tashi tsaye dominsa.

A watan Agusta na 2006, Philip, sabon shugaban kwamitin wasanni na unguwar, ya gayyaci Haggai taro. Mutuminka Haggai har da goge riga. Ya baje takardu, ya nuna yadda damina ke ja da baya, ya ce in aka haɗa shekarun aka raba, ana gama kwasar dawa wajen sha takwas ga Nuwamba.

Philip ya buga tebur. "Shi ke nan! Mi za mu jira? Manyan baƙi na son a ba su rana tun da wuri, a buga katin gayyata. Ba za mu zauna jiran haƙorin tsoho ba, ga ilimi a gabanmu."

Aka kwashe da dariya, aka tafa wa Dakta. Haggai ya sani sarai ranar tsakiya ce kawai: wata shekara a riga ta da mako biyu, wata shekara a wuce ta. Magana tana bakinsa. Amma shekara goma sha ɗaya ba a tafa masa ba, daɗin abin ya ratsa shi har ƙafa.

Dawuda, da ke can ƙarshen benci, ya ɗago kai ya dube shi. "Haka takardar ta ce? Ba sai an duba dawar ba?"

Haggai ya sunkuya yana jera takardun da suke a jere. Kaico, da ya ce "a'a" sau ɗaya, da ya wadatar.

Washegari da la'asar bai ga tsohon ba. Ya ce a ransa aikin gona ne ya riƙe shi. Mako ya wuce, wata ya wuce, ya daina sayen gyaɗa. Sau biyu yana kama hanyar gidan Dawuda, kunya ta juyo da shi daga bakin coci. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har ya kama kansa yana karanta wa bango adadin ruwan jiya.

Ruwan kuwa ya ƙi ɗaukewa. Har ƙarshen Oktoba ana zubawa, shi da hannunsa yake rubutawa, kowane layi yana gaya masa dawa ba za ta bushe a kan lokaci ba. Ya je ya sami Philip.

"Haba Dakta, kati ya riga ya tafi, har da sunanka a jiki," in ji Philip. "Yanzu kuma za ka ce ilimin ya canza?"

Ranar sha takwas aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, baƙi suka iso da motoci. Makaɗa suka yi kiɗa har hannu ya gaji. 'Yan kokawa huɗu suka fito, biyu ma 'yan gida ɗaya ne, suka ce ba za su kama juna ba. Sauran duk suna gona, wa zai bar dawa a tsaye ya zo a kayar da shi? Kafin azahar baƙi sun zame ɗaya bayan ɗaya. Philip ya bi kowa yana cewa lissafin Dakta ne. Haggai bai ko ji zafin wannan ba, shi dai idonsa na kan hanya, ko zai hango tsohon.

Daga filin ya miƙe gonar Dawuda, da takalmin taro a ƙafa. Ya same shi a tsakiyar karare yana yanka.

"Baba, na yi kuskure," ya faɗa cikin yarensu na gida, C'lela. "Na san gaskiya a ranar, na yi shiru. Ka yafe mini. Ka zo ka sa musu rana."

Dawuda ya miƙe a hankali, ya share gumi. Babu fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa ma'aikacin da ya zo ƙidaya. Sai ya amsa da Hausa. Tun Haggai na goye Dawuda bai taɓa yi masa Hausa ba, wannan ta kasuwa ce da ta baƙi.

"Sannu da zuwa, Dakta. Ba komai, an gode da ziyara. In za a koma a bi ta gefen kunya, kada takalmi ya ɓaci."