Na'ura Ta Ƙi Yatsun Fiddausi

"Umma, ke ma in kin faɗi jarrabawa malaminku zane ki yake yi?"

Rumaisa ce ta jefo tambayar, tana matse tsakanin uwarta da bayan ɗan acaɓa, sun baro Ƙafin Maiyaki sun miƙi titin Tudun Wada. Ɗan acaɓan ya tuntsire da dariya. Fiddausi kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

"Mu ba a zane mu, korar mu ake yi. Riƙe rigarsa da kyau."

Gaskiya ta faɗa wa yarinyar. Tana karatun digiri na ƙarshen mako a wata cibiya da jami'a ta buɗe a Tudun Wada, duk kwasa-kwasanta ta cinye sai guda ɗaya daga cikin darussan gama-gari, waɗanda kowane ɗalibi dole ya yi ko me yake karanta. Bara ranar jarrabawar tana kwance a asibiti. Bana kuma ita ce shekarar ƙarshe da doka ta ba ta, in ta wuce, karatun ya bi ruwa. Ga shi jami'a ta sauya tsari, wai tana son ta auna abin da ɗalibai suka koya da gaske, ba abin da wani ya rubuta musu ba. Yanzu a kwamfuta ake yi, kuma ba mai shiga sai na'ura ta shaida yatsansa.

A bakin cibiyar ta damƙa Rumaisa a hannun Uwani mai ƙosai, wadda ta saba riƙe mata ita ranakun lacca.

"Inna, don Allah kar ta matso kusa da kaskon nan. Kuma kar ta bi kowa, ko ya ce ni na aiko shi."

"Je ki abinki, uwar 'ya. Kai, wannan ƙunshi ya kama! Wace ce ta yi miki?"

"Asibi ce. Bikin ƙanwar maigidan muka yi."

Layi ya yi ta ja har ya kawo kanta. Malam Mas'ud, ma'aikacin da ke kula da na'urar, bai ko ɗago kai ba ya ce ta dangwala. Ta ɗora babban yatsa. Fitila ta kawo ja. Ta ɗora manuni, ja. Ta sauya hannu, ja. Sai a nan ya dubi yatsun, jan lalle ya rufe kansu ruf har ya yi duhu.

"Haba Malama! Ba ki ji sanarwa ba? An ce kar a yi lalle."

Ta ji. Amma ranar ƙunshin amarya, gaban dangin miji, matar yaya ce za ta naɗe hannu ta ce ita tana da jarrabawa? Ta roƙi Asibi ta bar mata kan yatsun, Asibi ta ce ita ba ta yin rabin aiki, mata suka goya mata baya da shewa. Fiddausi ta ce a ranta kafin ranar jarrabawar ai ya kwanta.

"Malam, ka taimake ni. Ga katina, ga fuskata."

"Ni na san ki, na'ura ce ba ta san ki ba. In ba ta buɗe sunanki ba, kwamfuta ba za ta ba ki tambayoyi ba. Koma gefe, akwai rukunin ƙarshe bayan azahar. In ya fita kafin nan, to."

Gefen ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu mata, cikinsu har da Juwairiyya 'yar ajinsu, wadda ta zo daga Burumburum da nata ƙunshin na suna. Juwairiyya ta sami inuwar darbejiya ta shimfiɗa mayafi ta zauna.

"Ke ba za ki wanke ba?" in ji Fiddausi.

"Lallen da ya kwana a hannu? Sai dai in wanke wahala. In ban yi bana ba na yi baɗi."

Fiddausi ba ta da baɗi. Ta fita ta sayi lemon tsami da garin sabulu, ta tsuguna a bakin famfo. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta duba. Lallen Asibi na nan kamar da shi aka haife ta. Ta koma wurin Uwani, tsohuwar ta aika aka ɗauko mata dutsen goge kaushi, ta kuma ce ta ji ana cewa ruwan bilic na wankin fararen kaya yana cinye lalle. Fiddausi ta sayo shi, ta zuba a murfin kwano, ta tsoma yatsun goma.

Da farko sanyi ta ji, daga baya raɗaɗi. Ta cije leɓe, ta fitar ta goga a dutse, ta mayar. A ranta tana ganin ranar da za ta shiga gida ta ce wa maigidan duk shekarun da ya yi yana kai ta titi da sassafe, yana cin tuwon ɗumame ranakun Asabar, sun tashi a banza saboda kwalliyar biki. Sai ta ƙara danna yatsan a kan dutsen.

"Umma, jini," in ji Rumaisa daga bayanta.

"Ba jini ba ne, lalle ne yake fita. Koma wurin Inna! Kar ki taɓa kwanon nan!"

Ana kiran sallar azahar wata mota ta shigo daga babban harabar jami'a da ke birni. Wata malama ce a ciki, Dakta Saude, mai sa ido kan jarrabawar, ta zo da sabuwar na'ura saboda ƙorafin da aka yi mata ta waya. Aka kira matan da ke gefe. Juwairiyya ta tashi tana gyara ɗankwali, ta ɗora yatsanta ja wur, na'urar ta yi jim, ta kawo kore. Ta bayanta ma kore. Ashe wannan tana iya ganin zanen yatsa ta cikin jan lalle.

Fiddausi ta goge hannu da hijabi, ta yi bisimilla, ta ɗora.

Ja.

Malam Mas'ud ya goge gilashin, ta sake. Suka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin na hagu. Dakta Saude ta matso ta ce ta buɗe tafin hannunta. Kan yatsun sun yi fari fat, sun yi sumul, wasu sun tsage.

"Innalillahi. 'Yata, me kika yi musu?"

"Wankewa na yi, Hajiya. An ce in ya fita..."

"Ai ba lallen kika cire ba, zanen kika cire. Babu abin da za ta karanta."

"Hajiya, shekarata ta ƙarshe ce. Ki tambaye ni da baki, ko a nan tsaye. Wallahi na yi karatu."

Dakta Saude ta daɗe tana kallon hannun. "Na yarda kin yi. Zan kai maganarki gaba, amma ban yi miki alkawari ba. Ki je kemis a sa miki magani."

Aka rufe ƙofar zauren. Fiddausi ta fito, ta zubar da sauran ruwan bilic ɗin a kwata, ta ɗauraye murfin kwanon sosai kafin ta mayar wa Uwani. Da ta zo goya Rumaisa yatsun suka kasa ɗaure zani, sai tsohuwar ce ta ɗaure mata.

Ke da kike karanta wannan, in jarrabawa na gabanki, bikin ko na wane ne, ki ɓoye kan yatsunki daga mai ƙunshi, a yi fushin a gama. In kuwa kin riga kin yi, ki bar su yadda suke ki je ki zauna ki jira. Kar ki kai musu dutse.