Bargon da Ba a Wanke Ba

Sunan karen Tau, wato zaki da yarensu, amma kaza ma korarsa take yi daga bakin kwanonsa. Marigayi Ntate Tumahole, wato Baba Tumahole, shi ya raɗa masa sunan, ranar da ya tsinto shi ɗan mitsitsi a bayan garken tumaki, kuma duk wanda ya yi dariya sai ya ce a ƙyale shi, zuciyarsa ce ba ta gama girma ba. To har Tumahole ya bar duniya zuciyar nan ba ta girma ba. A yi tsawa a kan duwatsu, Tau yana ƙarƙashin gado. Baƙo ya yi tari a ƙofar gida, Tau yana ƙarƙashin gado. Abu ɗaya ne ke kwantar masa da hankali, ya cusa kansa cikin bargon da maigidan ke yafawa.

Bayan jana'iza dangi suka taru kamar yadda aka saba. Aka fito da kayan mamacin tsakar gida, aka wanke su tas, aka yayyafa musu ruwan tsarki, sannan aka raba, don kada wani abu nasa ya zauna a gida da ɗuminsa. Ƙanensa Ntate Phakiso ne ya tsaya a kan rabon. Takalman roba, kwat ɗin zuwa coci, har hular ulu mai huji, kowanne ya sami mai shi. Matar marigayin, Mme Malineo, wato Inna Malineo, tana zaune cikin baƙaƙen kayan takaba, kanta a sunkuye. Sai dai akwai abin da bai fito ba: tsohon bargo mai launin toka, wanda yake fita kiwo da shi. Tun da sassafe ta tura shi can ƙuryar ƙarƙashin gado.

Ta gaya wa kanta don kare ta yi. Rabin gaskiya ke nan. Bargon nan yana ƙanshin hayaƙin murhu, da tabar lofe, da maiƙon ulun tumaki, da wani ƙanshi can ciki wanda ba shi da suna, na wuyan mijinta. In rana ta yi tsaka gidan ya yi tsit, sai ta ja ƙofa, ta durƙusa, ta ture Tau gefe ta binne fuskarta a ciki. Kewarsa take yi, kewa mai tsanani, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa sai kare.

Ana cikin haka Tau ya tsorata da wani jaki, ya faɗa wa waya mai ƙaya, ta tsaga masa cinya. Ta wanke da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma. Ina! Wurin ya kumbura ya fara ɗoyi, karen ya daina taɓa ko tuwon masara da madara. Dole ta aika aka kira Phakiso, shi kaɗai ne mai akori-kura a dangin.

"Asibiti har babban birni, Maseru, saboda wannan matsoracin?" in ji Phakiso. "Mme, ni kaina da haƙori ya kusa kashe ni ba a kai ni Maseru ba."

"Kai ai bakinka bai taɓa hutawa ba balle a gane yana ciwo. Buɗe min mota, Ntate."

Tau bai taɓa shiga mota ba. Da ya ji ƙarar inji sai ya sulale ya koma maɓoyarsa, aka yi jan duniya ya ƙi fitowa. Malineo ta san hanya ɗaya ce. Ta jawo bargon ta naɗe karen a ciki, ta rungumo shi ta fito. Phakiso ya kalli bargon, ya kalle ta, ya sake kallon bargon. Sai ya juya ya hau goge madubin da ba shi da datti. Har suka sauka daga duwatsu suka hau kwalta bai ƙara zolayarta ba.

Asibitin dabbobin fes yake, ya fi na mutanen gundumarsu tsabta. Daɓen santsi, fitila farare fat da rana tsaka, ga warin magani mai hawa kai. A kan benci matan birni ne da karnukansu masu gashi kamar auduga, har da mai sanye da riga. Malineo ta sauke Tau don ta gyara ɗankwalinta, kuskuren ke nan. Ƙafafunsa suka zame, ya tashi ya sake zamewa, wani ƙaton kare ya yi masa haushi guda, shi ke nan. Tau ya kurma wani kuka irin na jariri, ya shige ƙarƙashin benci da bargonsa, ya saki fitsari, ciwon ya fashe, jini da ruwa suka jiƙa ulun.

"Kai! Wa ya shigo da karen kiwo ba igiya?" wata mata ta faɗa tana ɗage ƙafafu.

"Zaki ne, Mme, ki yi hankali da naki," in ji Phakiso, ko murmushi babu.

Likita ya fito da wata ma'aikaciya, mace mai ƙiba mai fara'a. Suka jawo Tau yana karkarwa kamar mazari, ya kai wa likitan cizo bai samu ba, aka ɗaure masa baki da takunkumi. Idanunsa kawai ke yawo, suna nemanta. Likita ya duba ya ce sai an yanke ruɓaɓɓen naman an ɗinke, kuma a nan zai kwana.

Ma'aikaciyar ta miƙa hannu za ta janye bargon. Malineo ta riƙe gefensa gam.

"Ausi, 'yar'uwa, don Allah kada ku raba shi da wannan. In babu shi, tsoro kaɗai zai kashe shi."

"Kada ki damu, Mme, tare za su kwana."

Saura kalma ɗaya, tana nan a kan harshenta: kada a wanke. Amma ga Phakiso tsaye a kafaɗarta, mutumin da ya tsaya a kan wankin kayan da rabonsu. Ta yaya mai takaba za ta buɗe baki a gaban ƙanen mijinta ta ce ga bargon marigayi, ta ɓoye, ba a wanke ba, kuma ba ta so a wanke? Ta saki gefen bargon, aka shige da su, ƙofar ta rufe.

A gidan wata 'yar'uwarsu suka sauka. An kawo abinci, ta tsakura ta ture. Kowa ya ɗauka karen take tunani.

Washegari da hantsi ma'aikaciyar ta fito da Tau, an aske masa cinya an ɗinke, yana tafe yana ɗingishi. A ɗaya hannunta kuwa leda ce, da abu ninke a ciki.

"Mme, ga bargonku. Wallahi ba zan iya ba ki shi yadda yake ba, jini ga fitsari. Da ya yi barci na zare na jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sa a inji har sai da ruwan ya fita fari. Dubi, ashe har ratsin shuɗi gare shi!"

Gaskiya ne, akwai ratsin shuɗi. Malineo ta ma manta da shi, rabonta da ganinsa tun suna da ƙuruciya. Ta karɓi ledar da hannu biyu. Tun kafin ta buɗe ƙanshin sabulu ya bugi hancinta. Matar nan tana tsaye tana murmushi, tana jiran godiya, kuma ta cancanta, don alheri ta yi.

"Na gode, Ausi," in ji Malineo. "Kin wahala."

Sun yi nisa a hanya, har sun fara hawan duwatsu, sannan Phakiso ya yi gyaran murya.

"Ranar rabo na nemi bargon nan, ban gani ba, ban kuma tambaya ba," ya ce, idonsa a kan hanya. "To yanzu dai an wanke. Saura rabo. Na ba Tau."

Ta juya fuskarta wajen taga.

A gida ta shimfiɗa bargon a inda ya saba zama. Tau ya ɗingisa ya je ya shinshina wannan gefe, ya shinshina wancan, ya tura hanci ƙarƙashinsa. Ya shiga ƙuryar gado ya fito. Ya je bakin ƙofa ya tsaya yana kallon hanyar da tumaki ke bi su dawo da yamma, ya daɗe a wurin. Ita kuma ta durƙusa ta ɗauki bargon, ta bi shi da hanci tun daga wannan baki har wancan, ta nemi wurin da yake zama a wuyan mijinta ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Sabulu ne kawai da magani.

Hadari ya taso ta bayan duwatsu, tsawa ta faɗi. Tau ya zabura ya shigo a guje da ƙafa uku. Ya tsallake bargon ko kallonsa bai yi ba, ya zo ya cusa kansa cikin baƙar rigarta, jikinsa na rawa. Ta rungume shi, ta sa bakinta kusa da kunnensa.

"Ni ma na duba, Tau," ta ce. "Maigida ba ya ciki."