Akwatin da Aka Koya wa Kunya

Joanna ce ta kafa akwatin aika saƙo a kan rufin gidan Baba Nicholas, wani dattijon manomi, a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Kagoro, inda waya ba ta kamawa ko ka hau bishiya. Kwamitin zaman lafiya na manoma da makiyaya ne ya ɗauko ta daga Kafanchan. Aikin akwatin ba shi da yawa. A rubuta saƙo, ya tura ta rediyo, ya bi ta wata eriya a kan dutse ya isa kwamfutar shagonta, daga nan a raba wa wayoyin 'yan kwamiti. In kwamfutar ta amsa cewa ta karɓa, shi ke nan. In ya ji shiru, ya jira ya sake turawa.

Tsawon jiran nan shi ne ciwon kan aikin. In ya yi gajere, akwatin zai yi ta maimaita abin da ya riga ya isa, ya cushe hanya, ya cinye batir. In ya yi tsawo, saƙon da ya faɗi a hanya zai daɗe a kwance. Joanna ta saita shi yadda ake yi: duk sanda ya ji shiru ya ninka jiran, amma kada ya wuce 'yan mintoci.

Wannan iyakar ce dattawa suka ƙi. Akwatin yana ƙara duk sanda ya gwada, ga shi da damina rana ba ta cika batir.

"Abin nan ya cika naci," in ji Baba Hammawa, babban makiyayan wurin, wanda shanunsa suka saba kwana a gonar Nicholas bayan girbi tun su biyun suna samari. "Mutum in ya yi sallama ba a amsa ba, ai ja da baya yake yi."

Nicholas ya kwashe da dariya. "'Yata, koya masa kunya irin ta Fulani."

Ta san ba daidai ba ne. Amma wa zai yi musu da tsofaffi biyu ranar da bakinsu ya zo ɗaya? Ta cire iyakar, kowa ya sa mata albarka.

Wata safiya cikin Agusta saƙo ya shigo: shanun Hammawa sun ɓata. Ko minti kaɗan ba a yi ba ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, eriyar kan dutse ta mutu. Sai bayan azahar gari ya washe ta dawo. Joanna ta ga hanya ta buɗe, amma akwatin shiru. In akwai saƙo a cikinsa, to ya yi ta gwadawa cikin ruwan nan yana ninka jira, daga daƙiƙu zuwa mintoci, yanzu ya kai sa'o'i. Tsakanin gwaji da gwaji kuwa kashe rediyonsa yake yi, ba yadda za ta tashe shi daga nesa. Rafi ya cika ya datse hanya, ba ɗan acaɓan da zai ƙetara.

Salihu, ɗan Hammawa, yana kasuwar shanu a Kafanchan saƙon farko ya same shi. Wani mai shegen baki ya ce masa ya ga Yafet, ɗan Nicholas, ya fito daga ƙauye da sassafe da buhu a bayan babur, wai nama ne a ciki. Salihu ya shigo shagon idonsa jawur.

"Anti, akwai wani saƙo?"

"Don Allah ka jira, Salihu."

"Har yaushe?"

Ta sake duba kwamfutar, ba komai. Ya juya ya fita. Shi ofishin 'yan sanda ya nufa, amma abokansa na kasuwa sun riga sun isa tashar babura neman Yafet.

Dab da la'asar sakaliya akwatin ya farka. "An ga shanu a kwari, ruwa ne ya tare su. Kowa ya kwantar da hankali." Tun kafin tsakar rana Nicholas ya rubuta shi da hannunsa. Lokacin da saƙon ya iso, abokan Salihu sun riga sun yi wa Yafet duka, yana kwance a asibiti da karyayyar ƙafa. Buhun kuwa citta ce a ciki. Joanna ta zauna ta yi kuka, kukan takaici, don ba abin da ya lalace a akwatin. Abin da ta koya masa ya yi.

Bayan kwanaki Nicholas ya zo shagon da akwatin a cikin buhun taki, ya ajiye a kan tebur. Ya rame.

"Baba, na gyara," ta ce da sauri. "Na mayar da iyakar. Yanzu ko an wuni ana ruwa, hanya na buɗewa zai tura. A mayar da shi, don Ubangiji."

Tsohon ya girgiza kai.

"Hammawa ya zo ƙofar gidana, na ji muryarsa, na kasa fitowa. Jiya sun kwashe kaya, sun kora shanu sun yi kudu. Ni ban kore shi ba." Ya share fuska da hularsa. "To 'yata, ko kin gyara, labarin shanun wa zan tura?"