Hoton Ritayar Malam Jesse

A duk faɗin Gombe babu idon da ya san hoto kamar na Babayo. Shi ya faɗa, kuma shekara ashirin ba wanda ya musa, sai da Najeeba ta buɗe shago a tsallaken titi, daura da nasa, a Jekadafari.

A hotunanta amarya na fitowa tar, abin da ke bayanta kuwa ya narke, ba kwata, ba akuya, ba tsagaggen bango. Amare suka koma can. Babayo yana leƙensu ta labule yana cewa yarinyar ba ta iya komai ba, kyamarar ce ta iya. Da ya bincika, aka ce masa sirrin yana ga sensa, wato farantin da ke karɓar haske a ciki: nata babba, nasa ƙarami. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayo kyamara irin tata. Bai tsallaka ya tambaye ta yadda ake sarrafa ta ba. Shi da ya ɗauki hoton bikin sunanta?

Aikin farko da ya samu shi ne walimar ritayar Malam Jesse, masinjan wata ma'aikata, bayan shekara talatin da biyar. Darakta da manya suka zauna a gaba, mai walima ya tsaya can sahu na uku, inda ya saba tsayawa. Tsohuwar kyamarar Babayo ba ta san babba da ƙarami ba, kowa tar take fitar da shi, gaba da baya. Sabuwar kuwa, ya buɗe idonta har ƙarshe yadda ya ji ana yi, ya saita kan Darakta. A ɗan allon kyamara komai ya yi kyau.

Sai da aka wanko babban hoto, aka sa shi a gilashi, sannan aibin ya fito. Ana iya ƙirga zaren hular Darakta. Sahu na biyu dishi-dishi, na uku hayaƙi.

Malam Jesse ya zo karɓa tare da matarsa Selina, sun riga sun ɗaure kaya, washegari za su koma gida Kaltungo. Babayo ya yi musu bayani cewa abin da ake yayi ke nan har a Abuja, in suna shakka su leƙa shagon yarinyar can.

Selina ta daɗe tana dubawa.

"Baban Mary, kai kana ina?"

Ya ɗora yatsa kan wani farin tabo a bayan kafaɗar Darakta.

"Ga ni nan. Farar rigar da kika ɗinka mini ce."

Ya yi wa Babayo godiya, ya roƙi tsohuwar jarida, ya naɗe hoton a hankali don kada gilashin ya fashe a mota.