Sakata a Ƙofar Tsohuwa

Ta yaya mutum zai kasance shi ne mai gaskiya, amma ya kasa haɗa ido da wanda ya kayar?

Kafinta dai bai ci ƙasar kowa ba. Da ya sayi gonarsa, dattawa suka duba duwatsun iyaka, suka ce 'yar hanyar da ta ratsa zuwa rijiya cikin rabonsa take. Sai ya kafa turaku, ya ja waya mai ƙaya. Maƙwabcinsa mai kiwon awaki ya biyo shi har rumfar aiki yana murza hula a hannu.

"Maƙwabci, ka bar mana ko taku biyu ne. Saboda tsohuwa."

"Kowa da tasa tsohuwar," in ji kafinta, bai ko ɗago daga katakon da yake gogewa ba. "Ku zagaya ta bayan tsamiya. Ai ba ƙafar aro gare ku ba."

Abin da bai bari a faɗa masa ba shi ne tsohuwar ta daina gani. Hanyar rijiya a tafin ƙafarta take tun tana amarya, kuma hankalinta ya fara gudu, abin da aka gaya mata da safe ba ya kai azahar.

Ana nan, mai awaki ya sake zuwa. Kafinta ya gyara tsayuwa yana jiran faɗa, sai ya ji aiki aka kawo masa.

"Sakata za ka sa mini a ƙofar Inna. Ta waje."

"Ta waje? Akuya ce?"

"Kullum sai ta ɗauki bokiti ta nufi wayar nan. Ni kuma ina daji."

Kafinta ya ɗauki guduma ya bi shi. Ɗakin ƙarami ne, tabarma da buta, sai bokitin a bakin ƙofa. Tsohuwar na zaune, hannayenta biyu naɗe da tsumma.

"Ɗana, kai ne mai gyaran ƙofa? Allah ya yi maka albarka. Ka ga hannuna. Wata ƙaya ce ta tsiro a hanyar rijiya, mai taurin tsiya. In kana da adda ka sare mini ita."

Mai awaki ya kau da kai. Da zagi ya yi, da kafinta ya san amsar da zai bayar.

Ya ɗora sakatar a jikin ƙyaure, ya saita ƙusa. Tsohuwar ta laluba ta turo masa kujera don kada ya gaji da tsayuwa. Ƙusar ta suɓuce ta faɗi, bai duƙa nemanta ba.

"Ara mini diga," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ya fita da sakatar a aljihu, ya nufi turken farko na wayar, ya fara tone gindinsa.