Ruwan Alwalata da Akwatin Hafsatu

Hafsatu, autata, gita take kaɗawa, irin mai aiki da kuran, wato wutar lantarki. Ban saya mata ba, ban kuma hana ta ba. Da ɗinki ta samu ta saya, ta haɗa da wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, shi ke juya muryar gitar kafin ta fito. Ita fedal take ce masa. Ni akwati nake cewa.

Suma'ila mai gyaran rediyo ne ya haɗa mata. Ya ce kuran ɗin gidanmu ba shi da wayar ƙasa, sai ya jawo waya ta tagar ɗakinta, ya kafa ƙarfe a tsakar gida, daidai gindin dutsen da nake zama in yi alwala. Bai tare min hanya ba, na ƙyale shi. Kiɗa kuwa ya fito tas.

Da bazara wan mijina, Zakari, ya zo daga Takieta jinyar ƙafa, ya sauka a wurinmu, tunda maigidan yana Agadas. Kwanansa na farko ya bi wayar da ido daga taga har gindin dutse.

"Tani, ruwan alwala kike zubawa a kan wayar kiɗa?"

"Ƙasa nake zuba wa, Yaya."

"Ki ɗauke dutsen nan. Bai dace ba."

Baƙo ne, kuma babba ne. Na ɗauke, na mai da shi bayan madafa.

Ba a jima ba akwati ya fara gurnani. Ko ba ta taɓa gitar ba, sai ka ji wani zuuu kamar injin niƙa daga nesa. Ta canza waya, ta kashe firigon sanyaya ruwa, ta cire cajar kowa, yana nan. Ga shi Maryama, shugabar 'yan matan nan masu kiɗa a bukukuwa, tana neman mai gita. Ta ce Hafsatu ta ɗauki kiɗanta a wayar hannu ta tura mata kafin Juma'a. Na farkon da ta tura, Maryama ta ce, "Ƙanwata, gita kike kaɗawa ko gero kike niƙa? In ba a gyara ba, wata zan ɗauka."

Hafsatu ta kai wa Suma'ila akwatin. A shagonsa shiru, lafiya lau. Ta dawo da shi gida, gurnani ya dawo. Yaya Zakari na kishingiɗe a tabarma yana jan carbi.

"Kin gani? A kasuwa shiru, a gidan salla yana kuka. Ishara ce. Ki sayar, ki koma kan kekenki."

"Baffa, ƙarfe ne fa."

"Ƙarfen ma ya fi ki jin magana."

Ta shige ɗaki, ba ta ci tuwo ba. Ni ina salla, ina azumin Litinin da Alhamis, ban taɓa jin Allah ya aiko saƙo ta bakin akwati ba. Ranar Alhamis na yafa mayafi, na je na tsaya a kan Suma'ila har ya rufe shago ya biyo ni.

Bai ko shiga ɗakin ba. Ya tsuguna wurin ƙarfen, ya tona da yatsa, ƙura ta tashi. Ya girgiza ƙarfen, yana lilo.

"Inna, da can wurin nan a jiƙe yake kullum. Shi ya sa na kafa shi nan. Ƙarar ta wayar nan take bi ta shige ƙasa, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓa. Wa ya daina zuba ruwa?"

Na kalli tabarma. Carbi ya ƙara sauri.

"A juye masa jarka biyu," in ji Suma'ila.

"Jarka biyu a Damagaram, da bazara?" in ji Yaya. "Famfo bai kawo ba tun shekaranjiya. Ruwan da mutane za su sha za a ba wa kiɗa? Ban yarda ba."

A nan gaskiyarsa ce, ni ma ba zan taɓa randa ba. Amma ina da ruwan da dole ya zuba a ƙasa, ko da kiɗa ko babu. Na je bayan madafa, na ciccibo dutsena, na dire shi a mazauninsa. Ana kiran azahar. Na ɗauki buta na zauna.

"Tani, na ce bai dace ba."

"Na ji, Yaya. Alwalata a jikina take. Abin da ya sauka kuwa, a bayan madafa makwarara yake bi tare da ruwan wanke-wanke, ba ka taɓa cewa komai ba."

"Zan kira ƙanena."

"Ka kira shi. Ka gaya masa matarsa tana alwala a gidansa."

Na wanke fuska, na wanke hannuwa, ban ƙara ko ɗigo a kan yadda aka koya min ba. Suma'ila ya ƙara buga ƙarfen ya nutse. Gurnani ya ragu, bai tafi ba. Na ƙara masa ruwan da na wanke gero, akuya ta yi haƙuri ranar. Da la'asar na dawo, Hafsatu ta tsuguna kusa da ni da tata butar. Bayan magariba ta kunna akwati, muka kasa kunne. Sai kukan akuyar kawai.

Ta kaɗa, ta tura. Ina shafa addu'ar isha'i amsar Maryama ta shigo, Hafsatu ta buɗe muryar yadda tabarma za ta ji: "Yanzu na ji gita. Ki zo ran Asabar, akwai biki a Birni."

Tun daga ranar, da sandarsa Yaya yake ɗingisawa har masallaci ya yi alwalarsa can, kada ruwansa ya taɓa ƙarfen. Ni nake cika masa butar in miƙa masa a bakin zaure. Namu ya ishe mu, ni da 'yata, sau biyar a rana.